Nazarin Lamari: Yadda Ingila Ta Bi Sawun Raunin Ƙoda Ta Hanyar Sakamakon Gwajin Jini

Ƙoda tana iya rasa rabin ƙarfinta cikin kwana biyu ba tare da majiyyaci ya ji ko da tsinke ya soke shi a kwiɓi ba. Wannan shi ne raunin ƙoda na farat ɗaya, wanda likitoci ke taƙaitawa da AKI. Galibi wata matsala ce ke jawo shi: amai da gudawa da suka tsotse ruwan jiki, ƙwayoyin cuta da suka shiga jini, babbar tiyata, toshewar hanyar fitsari, ko wani magani da ya yi wa ƙoda nauyi. Shi ya sa mafi yawan masu fama da shi ba a sashen ƙoda suke kwance ba. Suna ɗakin tsofaffi ko na masu karaya ko na tiyata, a hannun likitan da hankalinsa ke kan ciwon da ya kawo su.

A shekarar 2009 hukumar NCEPOD, mai bin diddigin yadda aka kula da waɗanda suka rasu a asibitocin Birtaniya, ta fitar da rahoto kan mutanen da suka mutu da wannan rauni. Rabinsu kaɗai aka tabbatar sun sami kulawa mai kyau. Cikin waɗanda raunin ya same su bayan an kwantar da su, an yi jinkirin da bai dace ba wajen gano shi ga kashi 43 cikin 100, kuma kusan ɗaya cikin biyar abu ne da za a iya hangowa a kauce masa. Abin takaicin shi ne shaidar tana nan tun farko. An ɗebi jini, an auna sinadarin kiretinin, sakamakon ya shiga kwamfuta, amma babu wanda ya ɗora na yau a kan na makon jiya ya ga cewa ya ninka.

Daga nan tunanin ya taso: tunda kwamfutar ɗakin gwaji tana riƙe da duk tsofaffin sakamakon mutum, me zai hana ita ta riƙa yin wannan kwatancen?

Lissafin da aka ɗora wa kwamfuta

Asibitoci da dama sun riga sun ƙirƙiri nasu tsarin gargaɗi, kowa da irin ƙa'idarsa, har ta kai mutum ɗaya da jini ɗaya zai iya zama mai rauni a wannan gari, lafiyayye a wancan. A watan Yunin 2014 hukumar NHS ta Ingila, mai kula da asibitocin gwamnati, ta ba da umarnin cewa kafin 9 ga Maris 2015 kowane ɗakin gwaji ya sa tsarin lissafi iri ɗaya a kwamfutarsa. An gina shi a kan ma'aunin da ƙungiyar KDIGO ta duniya, mai tsara ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda, ta fitar a 2012.

Kiretinin datti ne da tsoka ke fitarwa kullum, ƙoda kuma ta tace shi ta zubar a fitsari. Idan tacewa ta ragu, sai ya taru a jini. A Ingila ana auna shi da maikromol a kowace lita, kuma duk alƙaluman kiretinin da ke tafe da wannan ma'auni suke.

Da zarar sabon sakamako ya fito, kwamfuta za ta waiwaya baya har kwana 365. Idan akwai gwaji a cikin kwana 7 da suka wuce, za ta ɗauki mafi ƙanƙanta a cikinsu. Idan akwai gwaje-gwaje tsakanin kwana 8 da 365, za ta jera su daga ƙarami zuwa babba ta ɗauki na tsakiya. Sai ta raba sabon sakamakon da kowanne daga cikin waɗannan biyun, ta riƙe amsar da ta fi girma. Ninki 1.5 zuwa ƙasa da 2 mataki na 1 ne, ninki 2 zuwa ƙasa da 3 mataki na 2, ninki 3 zuwa sama mataki na 3. Haka kuma wanda ya kai ninki 1.5 alhali kiretinin ɗinsa ya haura 354, kai tsaye mataki na 3 ake ba shi. Idan ninkin bai kai 1.5 ba, akwai sauran tarko ɗaya: ƙarin da ya wuce 26 a cikin awa 48 yana haifar da gargaɗin mataki na 1.

Zaɓen sakamakon tsakiya maimakon matsakaici ba ƙaramar dabara ba ce. A ɗauki misalin tsohuwa da aka yi wa gwaji biyar a shekara: 68, 70, 72, 75, da kuma 110 lokacin da ta yi wani zazzaɓi. Yau an kawo ta da 151. Na tsakiya 72 ne, 151 a raba da 72 ya ba da kusan 2.1, wato mataki na 2. Da an tara su an raba da biyar, 79 za a samu, ninkin ya sauka zuwa 1.9, a rubuta mata mataki na 1. Sakamako ɗaya na ranar rashin lafiya ya isa ya ɓoye tsananin halin da take ciki, na tsakiya kuwa bai damu da shi ba.

Amfani mafi girma yana ga masu ƙarancin tsoka. Siririyar dattijuwa da kiretinin ɗinta na kullum 45 ne, idan ya koma 72 ya ninka sau 1.6. Duka alƙaluman biyu suna cikin iyakar da takardar gwaji ke nunawa a matsayin lafiya, ba za a ja musu jan layi ba, likitan da ke sauri zai wuce su. Kwamfuta ba da sauran jama'a take auna ta ba, da ita kanta take auna ta.

Inda lissafin ke tuntuɓe

Na farko kuma mafi yawan damuwa su ne masu wankin ƙoda. Kiretinin ɗinsu yana faɗuwa bayan wanki, ya sake hawa kafin na gaba, sau uku a mako. Idan ɗakin gwaji bai ware su ba, ko ta lambar sashen da ya aiko jinin ko ta jerin sunayen da sashen ƙoda ke sabuntawa, to gargaɗin ƙarya zai riƙa zuba babu ƙaƙƙautawa. Matsalar takan dawo ne idan an kwantar da mai wankin a wani sashe ko wani asibiti da ba a san shi ba.

Sai masu tsohon ciwon ƙoda. Mutumin da yake zaune a kan 300, idan ya koma 330 cikin kwana biyu ya cika sharaɗin ƙarin 26, alhali canjin kashi 10 cikin 100 ne kawai, wanda bambancin jiki na yau da gobe da na na'urar awo za su iya kawowa. Mace mai ciki kuma kiretinin ɗinta yana sauka saboda ƙodarta na tacewa fiye da da. Bayan haihuwa idan ya koma inda yake, kwamfuta na iya ɗaukar hakan a matsayin rauni. Maganin tirimetofirim, da ake yawan bayarwa don sanyin mafitsara, yana hana ƙoda fitar da wani kaso na kiretinin ba tare da ya rage tacewa ba, sai awo ya tashi ƙoda kuwa lafiya lau. Jinin da aka ɗiba a hannun da ake ƙarin ruwa yana zuwa a tsarme, ya ba da ɗan ƙaramin sakamako na bogi, gobe idan aka ɗebi na gaskiya sai ya zama kamar ya ninka.

Waɗannan duk gargaɗin ƙarya ne, ana ganinsu a gyara. Wanda ya fi haɗari shi ne shirun ƙarya. Wanda ba a taɓa yi masa gwaji ba cikin shekara ba shi da abin kwatance, iyakar abin da kwamfuta za ta yi shi ne ta nuna awon ya yi sama, ta nemi a sake ɗiba. Wanda tsofaffin sakamakonsa ke wani ɗakin gwaji da kwamfutocinsu ba sa magana da juna, shi ma haka. Kuma shi kansa kiretinin mai nawa ne: yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya tashi bayan ƙoda ta ji rauni, in an yi wa mutum ƙarin ruwa mai yawa ma sai ya ƙara jinkiri. Ma'aunin KDIGO yana da ɓangare na biyu, wato fitsarin da bai kai rabin mililita ga kowane kilo na nauyin jiki a awa ɗaya ba har tsawon awa 6. Ga mai kilo 70, ƙasa da mililita 210 ke nan cikin awa 6. Ɗakin gwaji ba ya ganin wannan ko kaɗan, yana kan takardar da ma'aikaciyar jinya ke cikewa a ƙafar gado. Don haka aka nace cewa abin da kwamfuta ke fitarwa gargaɗi ne, likita ne zai duba majiyyaci ya tabbatar ko ya kore.

Tara bayanan wuri ɗaya

Umarnin 2014 bai tsaya ga gargaɗi ba. Ya kuma buƙaci ɗakunan gwaji su riƙa aika bayanan duk wanda ya sami gargaɗi zuwa Rajistar Ƙoda ta Birtaniya da ke Bristol, wadda tun shekarun 1990 take tattara bayanan masu wankin ƙoda da dashe. Ana aika lambar NHS ta mutum (lambar shaida da hukumar ke ba kowane majiyyaci), ranar haihuwa, jinsi, matakin gargaɗi, da sakamakon kiretinin na kafin gargaɗin da na bayansa. Da lambar NHS ɗin ake haɗa wannan da kundin kwanciyar asibiti da na mace-mace, a san wa aka kwantar, kwana nawa ya yi, wa ya rasu.

Ba zai yiwu a nemi izinin mutum dubu ɗaruruwa ɗaya bayan ɗaya ba, kuma da an yi haka waɗanda suka fi jin jiki su ne za su faɗi daga lissafi, sakamakon ya karkace. An bi ta sashe na 251 na dokar NHS ta 2006, wanda ke ba da damar amfani da bayanan marasa lafiya ba tare da izini ba idan kwamiti mai zaman kansa ya gamsu da dalilin. Tun 2018 kuma akwai tsarin ƙasa da mutum zai iya cewa a cire bayanansa daga bincike. Wannan amana ce mai nauyi, kuma duk wanda ke son kwaikwayon tsarin ya kamata ya fara da ita kafin ya sayi ko da kwamfuta ɗaya.

Aikin da ba a gani shi ne tsaftacewa. Majiyyaci ɗaya zai iya samun gargaɗi goma a kwanciya ɗaya, dole a dunƙule su su zama aukuwa ɗaya, in ba haka ba asibitin da ya fi yawan ɗibar jini zai fito kamar shi ya fi yawan masu rauni. Akwai ɗakunan gwajin da ke tsallake watanni ba su aika ba, akwai layukan da suka zo babu lambar NHS. Duk da haka rahoton rajistar na farko a faɗin ƙasa, kan bayanan 2018, ya nuna aukuwa sama da 500,000 a shekara ɗaya, kuma kusan kashi 18 cikin 100 sun rasu cikin kwana 30. Wani abin da ya buɗe ido shi ne mafi yawan raunin a gida yake farawa, kafin mutum ya taka asibiti. Tun a 2016 shirin Think Kidneys na NHS, mai wayar da kai kan wannan rauni, ya tsara wa likitocin unguwa lokutan amsa gargaɗi: mataki na 1 ga wanda jikinsa ke lafiya a duba shi cikin awa 72, ga mai rashin lafiya cikin awa 24. Mataki na 2 awa 24 ko awa 6. Mataki na 3 awa 6, ko a tura shi asibiti nan take.

Shin ya ceci rai?

A nan gizo ke saƙar. Rahotannin farko masu daɗin ji ne. A asibitin Derby an ga cewa waɗanda aka cike musu jerin matakan kulawa cikin awa 24 sun fi tsira a kan waɗanda ba a cike wa ba. Sai dai irin wannan kwatance yana da rami. Majiyyacin da ya zo rai a hannun Allah, ana ta fama da shi, ba lallai a sami sukunin cike masa takarda ba. Wanda aka cike wa kuwa sai da ya rayu ya kai lokacin cikewar. Kuma idan asibiti ya fara gano masu ƙaramin rauni da a da ba ya ƙirga su, kason mace-mace zai sauka a takarda ko da babu rai ɗaya da aka ceta.

Don kauce wa wannan ramin, likitan ƙoda Nicholas Selby da abokan aikinsa suka gudanar da gwajin Tackling AKI a asibitoci biyar, a yankin Yorkshire da Surrey, daga Disamba 2014 zuwa Fabrairu 2017. Duka biyar sun fara a yadda suke. Bayan kowane wata uku sai asibiti ɗaya, bisa jerin da ƙuri'a ta fitar, ya karɓi sabon tsari mai ƙafa uku: gargaɗin kwamfuta, jerin matakan kulawa, da horar da ma'aikata. Kafin lokacin asibiti ya zo, lissafin yana gudana a ɓoye a ɗakin gwaji, likitoci ba sa gani. Ta haka da ma'auni ɗaya aka ƙirga masu rauni kafin canji da bayansa, kuma daga rajistar aka ciro sakamakon, ba a sa kowa ya bi gadaje da biro ba.

An sami aukuwa 24,059. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna kashi 24.5 cikin 100 sun rasu cikin kwana 30, kuma sabon tsarin bai rage wannan ba. Abin da ya canza shi ne kwanakin kwanciya sun ragu, musamman ga waɗanda kan daɗe, kuma binciken fayiloli ya nuna an fi gane raunin, an fi duba magunguna, an fi auna buƙatar ruwa.

Daga Amurka labari ya fi haka tsauri. A gwajin da aka wallafa a 2015, likitan ƙoda Perry Wilson da tawagarsa sun raba majiyyata 2,393 gida biyu ta ƙuri'a a asibitin Jami'ar Pennsylvania, rabi a aika wa likitansu saƙon gargaɗi, rabi a'a, ba a ga bambanci ba. A wani gwajin da aka wallafa a 2021 suka sake yi da majiyyata 6,030 a asibitoci shida na rukunin Yale. A dunƙule babu bambanci, amma a asibitoci biyu da ba na koyarwa ba, mace-mace sun fi yawa a ɓangaren da aka yi wa gargaɗi, kashi 15.6 a kan kashi 8.6. Wannan sakamako ne daga ƙaramin kaso na gwajin, yana iya zama dacen ƙididdiga, amma bai kamata a kawar da kai daga gare shi ba. Gargaɗi shi ma shiga tsakani ne kamar magani. Likitan da allo ya firgita zai iya ɗura wa mai ciwon zuciya ruwa har huhunsa ya cika, ko ya tsayar da maganin da ke riƙe da shi, ko hankalinsa ya bar ciwon da ke neman ran majiyyacin ya koma kan lamba.

A ganinmu bambancin gwajin Ingila da na Amurka yana cikin abin da ya raka gargaɗin. A Ingila an haɗa shi da horo da matakan da kowa ya san nasa, aka sami ɗan amfani. Rashin raguwar mace-mace kuma ba abin mamaki ba ne sosai, domin yawancin masu wannan rauni ba ƙodar ce ke kashe su ba, ciwon da ya raunata ƙodar ne: gubar ƙwayoyin cuta a jini, ciwon daji, gazawar zuciya, tsufa.

Abin da ya kamata ya biyo bayan gargaɗi

Matakan ba su da wuyar faɗa. A duba majiyyaci da ido a ranar: hawan jini, bugun zuciya, bushewar baki, kumburin ƙafa, ƙarar ruwa a huhu, kafin a yanke ko ruwa zai ƙara ko ragewa za a yi. A nemi alamar ƙwayoyin cuta a jini a fara magani da wuri. A tsoma tsinken gwaji a fitsari tun kafin a sa robar fitsari, domin robar kan jawo ɗan jini ta rikita sakamako. Jini da furotin tare, babu alamar sanyi, na iya nufin kumburin matatar ƙoda, wanda ke buƙatar likitan ƙoda cikin gaggawa. A taɓa mara, a duba ko mafitsara ta cika ta kasa fitarwa, abin da ya zama ruwan dare ga dattawa maza. Ƙa'idar hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a yi hoton ƙoda da mafitsara cikin awa 24 idan ba a san dalilin raunin ba ko ana zargin toshewa, cikin awa 6 idan ana zargin ƙodar da ta toshe ta yi mugunya. A duba sinadarin fotashiyam a jini, wanda idan ya kai milimol 6.5 a kowace lita zuciya na cikin haɗari.

Takardar magani ita ce wurin da aka fi samun riba da ƙaramin ƙoƙari. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak a tsayar. Na hawan jini irin su ramifiril da masu sa fitsari a dakatar na ɗan lokaci idan jini ya sauka ko ruwan jiki ya ƙare. Jentamisin, maganin ƙwayoyin cuta, a auna yawansa a jini ko a canza shi. Metfomin na ciwon sukari da mofin na raɗaɗi da sauran waɗanda ƙoda ke fitarwa a rage ko a dakatar, domin taruwa suke yi. Asibitin da ya sa mai harhaɗa magunguna ya riƙa karɓar jerin gargaɗin kowace safiya ya ba aikin mai shi, maimakon a bar shi yana yawo a allo kowa na zaton wani ya gani.

Sai ranar sallama, inda zaren ya fi tsinkewa. Wanda ya taɓa samun wannan rauni yana da ƙarin haɗarin sake samunsa da na kamuwa da ciwon ƙoda na dindindin, shi ya sa KDIGO ta ce a sake duba shi bayan wata uku. A shekarar kuɗi ta 2015 zuwa 2016 NHS ta ɗaura wani kaso na kuɗin asibitoci a kan abubuwa huɗu da dole su fito a takardar sallama: matakin raunin, shaidar an duba magunguna, irin gwajin jinin da za a yi bayan sallama, da lokacin da za a yi shi. Wurin da aka fi yin sakaci shi ne maganin da aka dakatar. Mai gazawar zuciya da aka tsayar wa ramifiril a ranar da yake amai, idan takarda ba ta faɗi ranar da za a sake auna kiretinin da fotashiyam ba, da kuma wanda zai yanke shawarar mayar masa da maganin, zai iya shafe watanni babu shi, har kumburi ya sake kawo shi gadon asibiti. Lambar NHS ɗin da aka yi amfani da ita wajen ƙirga mace-mace tana iya amsa wannan ma: cikin waɗanda aka sallama bayan mataki na 2 ko na 3, nawa aka ɗebi jininsu cikin kwana 90, nawa aka auna furotin a fitsarinsu, nawa aka mayar wa maganinsu.